Ladubban ayari da ɗaurin keken tsere: wanne ne doka, wanne ne kwalliya?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum manyan gida. Ina da tambaya kan ƙa'idojin nan da ake ta kafa wa mai hawan keken tsere. Wani ya ce dole rubutun jikin taya ya daidaita da bawul, wani ya ce safa tana da iyakar tsayi, wani ya ce ba a miƙewa tsaye kan feda a tsakiyar ayari sai da dabara. Dukansu da murya ɗaya ake faɗarsu, kamar nauyinsu ɗaya. Wacce ce ke kare fatar mutum, wacce ce ado kawai? A taimaka a tsefe mana.

Madugu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye maganar safa tukuna, mu fara da abin da ke zubar da mutane ƙasa.

Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabanka, ko da taƙi ɗaya ne. Ga dalili. Tayarsa ta baya a ɗaure take cikin firam, ba ta juyawa hagu ko dama, kuma ita ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa. Taka ta gaba kuwa da ita kake riƙe tsayuwarka: duk lokacin da keke ya karkata, kana ɗan juya kansa zuwa wajen da ya karkata ɗin ba tare da ka ma sani ba, sai ya dawo daidai. To idan na gabanka ya kauce wa rami tayarsa ta gogi taka, za ka karkata wajensa, kuma inda za ka juya ka ceci kanka tayarsa ta riga ta toshe. Shi ɗan girgiza kawai zai ji ya wuce abinsa. Kai ne a ƙasa, da duk wanda ke bayanka.

Sabon hannu ya bar tazarar kamar mita ɗaya, idan ido ya saba ya rage zuwa rabin mita. Waɗanda suka san hawan juna ne ke matsewa zuwa santimita 20 ko 30. Kuma kada ka kafe ido kan taya. Dubi ƙugun na gabanka, ka riƙa tsallake kafaɗarsa kana ganin hanya, tayar kuma ta wutsiyar ido za ka gan ta.

Sai birki. A cikin ayari ba a damƙar birki. In ka ga kana cim ma na gaba, fara da daina taka feda, in bai isa ba ka ɗaga ƙirji iska ta buge ka, in bai isa ba ka shafi birki da yatsa ɗaya. Ɗan birkin da mutum na biyu ya taɓa, kafin ya kai kan na goma ya zama tsayawar gaggawa, domin kowa yana ƙara nasa a kan na gabansa.

Miƙewa tsaye da ka ambata gaskiya ce, ba ado ba. Lokacin da ka tashi daga sirdi jikinka na yin gaba, keken kuma ya koma baya kusan rabin taya, daidai inda tayar na bayanka take. Maganinsa: ƙara giya ɗaya ko biyu mai nauyi, ka tashi a daidai lokacin da ƙafarka mai ƙarfi ke saman zagaye tana shirin dannawa, ka tashi kana dannawa.

'Yar Tsere:
Baba Madugu ya yi maganar na baya, bari in ƙara ta na gaba, don shi ne idon kowa. Wanda ke na biyar a layi bayan mutum kawai yake gani.

Rami ko dutse, a nuna shi da yatsa ta ɓangaren da yake, kuma kowa ya miƙa alamar baya, kada ta mutu a kan mutum na uku. Mota a tsaye gefen hanya, a kai hannu bayan ƙugu a yi nuni zuwa wajen da za a kauce. Za a tsaya, a buɗe tafin hannu ta baya a kuma faɗa da baki. Amma a yi alamar da wuri a kauce a hankali. Wanda ya ga rami sai da ya zo kansa ya fizge keke, gara ma ya ɗaga ɗuwawu ya bi ta cikinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na wanda gaba ta zo kansa ya ƙara wuta. Dalili a fili yake: a bayan mutum kana samun sauƙin kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da iska ke ci, to da iska ta buge ka sai ka ji kamar gudu ya ragu, ka danna fiye da kima. Wanda ya sauka daga gaba yanzu a gajiye, shi zai rasa wutsiyar layi. Kafin juyinka ya zo dubi agogon gudu. In kilomita 32 a awa ake yi, riƙe 32. In kana da ƙarfi, daɗe a gaban, kada ka ƙara gudu. In ba ka da shi, daƙiƙa 20 ma ta isa, ba abin kunya ba ne.

Wajen sauka: waiwaya, kaɗa gwiwar hannu alamar na baya ya zo, ka kauce ta wajen da iska ke bugowa, sannan ka rage taka feda. Kada ka rage gudu kana tsakiyar layi. Da ka ga mutum na ƙarshe ya zo daidai da kai, fara ƙara gudu tun kafin ya wuce, in ba haka ba sai ka yi gudun fitar rai kafin ka kamo tayarsa. A gangara kuma na gaba ba ya daina taka feda, don na baya suna cikin inuwar iskarsa, sun fi shi gudu a banza, sai su yi ta cin birki.

Mai Tudu:
A ƙara da masu rabin taya. Ana tafiya biyu-biyu, kai da abokin layinka kuna gaba, sai ya riƙa fifita tayarsa da rabi a kan taka. Ka matso ka daidaita, ya sake gaba. Cikin minti biyar gudu ya tashi ba wanda ya ce a ƙara, kuma layin da ke bayansa duk ya karkace, kowa tayarsa ta shiga gefen ta wani. Kan keke da kan keke ake daidaitawa, kuma wanda ya fi rauni a cikin biyun shi ke yanke gudu.

Sabon Shiga:
Na gode Yaya. To me ya sa ake kaucewa ta wajen iska? Ni da na ɗauka ta inda babu mota ake sauka.

'Yar Tsere:
In iska daga hagu take, mafakar ba a bayan mutum daidai take ba, tana bayansa ta dama. Shi ya sa layi ke jeruwa a karkace. In na gaba ya sauka ta dama ya faɗa kan tayoyin da ke fake da shi. Amma wannan na hanyar da aka rufe wa tsere ne ko wadda babu kowa. A titin da motoci ke bi ba ku da ikon cinye faɗin hanya, sai a kasu ƙananan layuka na mutum uku ko huɗu, ko a haƙura da mafakar. Dokar hanya tana gaba da ta ayari.

Mai Bin Tsere:
Kashi 30 ɗin da Anti ta faɗa na layi ɗaya ne. A babban ayarin tsere abin ya wuce nan. Binciken da Bert Blocken na jami'ar Eindhoven ya fitar a 2018 kan ayari mai mahaya 121 ya nuna cewa wanda ke tsakiya ta baya-baya turjiyar iskar da ke kansa na iya sauka zuwa kashi 5 zuwa 10 na wanda ke tafiya shi kaɗai. Shi ya sa masu ɓallewa daga ayari mutum huɗu za su yini a gaba, ayari ya bar su da tazarar minti biyar, sannan ya haɗiye su saura kilomita goma. Shi ya sa kuma iskar gefe ke tarwatsa tsere a shimfiɗaɗɗiyar hanya fiye da wani tudun: hanya tana ɗaukar mutum goma sha ne a karkace, sauran su koma bakin kwalta a jere babu mafaka, layi ya tsinke.

Mai Gyara:
Rubutun taya da bawul, kar a yi masa dariya, rabi ado ne rabi aiki. In ka yi faci ka ciro tif ka ga hudar tana taƙi ɗaya daga bawul, sai ka auna taƙi ɗaya daga rubutun a jikin tayar, ta ɓangarori biyu, ka samo ƙayar ko gilashin. Wanda bai nemo ta ba ya sa sabon tif, zai sake tsayawa nan gaba kaɗan. In kuma huda biyu ka gani gefe da gefe, ba ƙaya ba ce, iska ce ta yi kaɗan rim ya matse tif a bakin rami.

Maƙallin cire taya ma haka. Na gaba ya kwanta yana kallon baya ko ya bi jikin fok (ƙarfe mai rassa biyu da ke riƙe tayar gaba), kada ya kalli gaba inda wani abu zai iya kama shi ya buɗe, kada kuma a manna shi da fok har yatsa ya kasa shiga. Ƙarfinsa: ya fara turjewa a rabin hanya, rufewar kuma ta bar ɗan shaida a tafin hannu. Ba a murɗa shi kamar noti.

Ado zalla kuwa: launin tef ɗin kan keke ya dace da sirdi, hannun tabarau a saman igiyar hular kwano, cire murfin bawul, ɗaukar hoton keke da sarƙa a babban faifai. Babu wanda waɗannan suka taɓa kayarwa.

Mai Bin Tsere:
Safa dai a wurin ƙwararru doka ce a rubuce. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce kada ta wuce rabin tazarar da ke tsakanin ƙashin idon sawu da kan ƙashin da ke gefen gwiwa, kuma tun 2019 ake aunawa. Dalili, wasu yadudduka sun fi fatar mutum yanka iska, da an bari sai safa ta kai gwiwa. Irinta ce dokar nauyi: keke kada ya gaza kilo 6.8, tun shekarar 2000. Hancin sirdi ya kasance aƙalla santimita 5 a bayan tsakiyar boris ɗin feda, wato inda hannuwan feda ke juyawa a ƙasan firam. Zama kan bututun firam a gangara, da ɗora damatsa kan keke ana tuƙi babu riƙo, an hana su daga 1 ga Afrilu 2021. Wanda ba tseren hukuma yake yi ba babu ruwansa da awon safa, amma waɗannan biyun na ƙarshe kada ya kawo su cikin ayari ko da babu alƙali.

Madugu:
Haka nan ƙahonin gaba na tseren agogo, wato sandunan da ake ɗora damatsa a kansu a tseren da kowa ke tafiya shi kaɗai ana auna lokacinsa. Sun yi suna tun 1989 da Greg LeMond ya shiga zangon ƙarshe Laurent Fignon na gabansa da daƙiƙa 50, ya yi amfani da su ya ci gasar Faransa (Tour de France) da daƙiƙa 8. Suna aiki, ba musu. Amma hannunka yana nesa da birki, gwiwoyin hannu a matse, keke ba ya jin magana. Na mai tafiya shi kaɗai ne.

Sabon Shiga:
To tsayin sirdi fa? Wasu sun ce in ƙafarka na taɓa ƙasa kana zaune sirdin ya yi ƙasa.

Mai Gyara:
Ƙasa ba ita ake aunawa ba, feda ake aunawa. Tsaya babu takalmi, baya a jikin bango, ka matsa littafi mai kauri tsakanin cinyoyi sama sosai kamar yadda sirdi ke dannawa, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ninka da 0.883. In awon santimita 84 ne, ka samu 74.2. Wannan shi ne daga tsakiyar boris ɗin feda zuwa saman sirdi, a bi layin bututun. Da sunan LeMond aka san lissafin. Gwajin gaggawa: ɗora dunduniya kan feda a can ƙasan zagaye, ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da tudun tafin ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, abin da ake so ke nan.

Sirdin ya kwanta daidai, a ɗora ma'aunin ruwa a gani. Hanci ƙasa da yawa, kana zamewa gaba, nauyi ya koma hannu, yatsu su mutu. Hanci sama, ya danne inda bai kamata ba.

'Yar Tsere:
Malam Mai Gyara, a yi haƙuri, 0.883 mafari ne kawai, kada yaro ya ɗauka aya ce. Lissafin bai san tsawon tafin ƙafa ba, bai san kaurin takalmi ba, bai san tsawon hannun feda ba, bai san ko mutum mai nuna yatsu ƙasa ne ko mai sauke dunduniya ba. Mutum biyu masu awo ɗaya za su iya bambanta da santimita guda. Masu awo da kyamara kusurwar gwiwa suke dubawa, lanƙwasar digiri 25 zuwa 35 a ƙasan zagaye. Jiki ma yana faɗa: ciwo a gaban gwiwa galibi sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ko ƙugu na rawa hagu da dama ya yi sama. A canza milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda, a hau sau da yawa kafin a sake taɓawa, kuma a manna tef a jikin sandar sirdin don a san inda aka baro.

Mai Gyara:
Ban musa ba Hajiya. Tunda kin kawo hannun feda, a lura: wanda ya sauka daga milimita 172.5 zuwa 165, kamar yadda ake ta yi tun da aka ga fitaccen ɗan tsere Tadej Pogačar da 165, feda a ƙasan zagaye ta matso sama da milimita 7.5, dole sirdi ya hau da kusan haka. Amfaninsa a saman zagaye yake, cinya ba ta matse ciki, mutum ya iya sunkuyawa yana numfashi.

Maƙalin ƙasan takalmi, wanda ke maƙale takalmi da feda, shi ma yana kashe gwiwa. Na Shimano mai rawaya yana barin ƙafa ta yi wasa digiri 6, shuɗi 2, ja babu ko kaɗan. Na Look baƙi babu wasa, toka-toka 4.5, ja 9. Kun ga ja a nan da ja a can kishiyoyi ne, a kula wajen saye. Sabon hannu ya fara da mai wasa. In za a canza wanda ya cinye, a zagaye tsohon da alƙalami a jikin takalmin kafin a kwance.

Mai Tudu:
Ni abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa sai an cire zobban ƙarƙashin wuyan keke duka an sauke kai ƙasa, wai haka ƙwararru ke yi. Ƙwararre yana hawan awa ashirin da wani abu a mako, bayansa ya saba. Kai ka sauke, sai ka kasa riƙe lanƙwasar ƙasa ta kan keken, ka yini hannu a miƙe kan saman kai, ka fi da tsayi ma a iska. Ma'auni mai sauƙi: in ba za ka iya minti goma a lanƙwasar ƙasa gwiwar hannu a sake ba, kan ya yi ƙasa ko wuyan ya yi tsawo. A sauke milimita 5 a hankali, kuma kada a yanke bututun fok sai an tabbata. Abin da aka yanke ba ya tsirowa.

Mai Gyara:
Tunda za a taɓa wuya, ga tsarin ɗauri, don nan ake ɓarna. Notin murfin sama ba shi ke riƙe kan keke ba, aikinsa matse boris kawai. Sassauta notuna biyu na gefen wuya tukuna, ɗaure na sama kaɗan-kaɗan, kama birkin gaba ka girgiza keke gaba da baya, yatsa a kan mahaɗar. In kana jin ƙwas-ƙwas ƙara kaɗan. In ka ɗaga gaban keke kai ya ƙi faɗawa gefe da kansa, ka wuce. Sannan ka daidaita kai da taya ka ɗaure na gefe. Dole saman zobe ko wuya ya fi bututun fok tsayi da kamar milimita 3, in ba haka ba murfin kan bututu zai zauna, ka yi ta ɗauri boris na rawa. Wanda ya ɗaure na sama alhali na gefe a ɗaure suke, abin cikin bututun kawai yake fizgowa.

Ƙarfin ɗauri a rubuce yake a jikin kayan, yawanci Nm 5 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) ko kusa da haka a wuya da sandar sirdi. Kabon, abin da ake ƙera kayan keke marasa nauyi da shi, ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, tsagewa yake, don haka sifana mai auna ƙarfi ba almubazzaranci ba ce. Sandar kabon in tana zamewa, man kabon mai ɗan yashi ake shafawa, ba ƙarin ɗauri ba. Notuna huɗu na fuskar wuya a ɗaure su a giciye, kaɗan-kaɗan. Feda ta hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ta wajen da ake ɗaure sauran notuna, kuma a sa giris a zaren.

Madugu:
Iskar taya ma ta shiga ladubban ayari, don mai taya kamar dutse shi ke tsalle a kan kowane tsagu yana zamewa a kwana. Zamanin taya mai faɗin milimita 23 da iska bar 8 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) ya wuce, ƙwararru kansu 28 zuwa 30 suke hawa, a tseren Paris-Roubaix mai hanyar duwatsu har 32. Mai nauyin kilo 70 a tayar 28 tubles (marar tif) ya fara daga bar 4 zuwa 4.5, mai tif ya ɗan ƙara, ta gaba ta gaza ta baya kaɗan, in ana ruwa a rage kaɗan. Rim marar ƙugiya a baki iyakarsa bar 5, kuma sai tayar da aka yi dominsa. Wuce nan, taya na iya fita daga rim ana cikin gudu.

Abu ɗaya kuma ga mai aron keke: a Birtaniya birkin gaba a hannun dama yake, a Amurka da yawancin Turai a hagu. Matsa ka gani kafin ka hau.

Mai Bin Tsere:
Mu dawo kan ladabin da ba a rubuta ba, wanda ya fi kowanne jawo gardama: jiran mai rigar jagora in ya samu matsala. Gasar Faransa ta 2010, zango na 15, kan tudun Port de Balès. Andy Schleck na sanye da rawayar rigar jagora da tazarar daƙiƙa 31, ya kai hari, sarƙarsa ta faɗi, Alberto Contador ya wuce bai jira ba. Ya ci daƙiƙa 39 a ranar. A Paris tazarar da ke tsakaninsu daƙiƙa 39 ce cif. Daga baya a 2012 aka ƙwace nasarar daga Contador aka ba Schleck, amma kan maganin da aka haramta ne, ba kan sarƙa ba. Sai gasar Faransa ta 2022, zango na 18, Pogačar ya zame a gangarar Spandelles, Jonas Vingegaard mai rigar jagora ya rage gudu ya jira shi, suka yi musabaha a kan keke. Wanne ne daidai?

Mai Tudu:
Duka biyun, kuma ba na ganin laifin Contador. Schleck ne ya buɗe wuta. In ka kai hari tsere ya tashi, ba za ka ce a dakata don kayanka sun ba ka kunya ba. Ga kuma Menchov da Samuel Sánchez suna tafiya, masu neman matsayi su ma, wa zai tsayar da su? Vingegaard kuwa yana da fiye da minti 2 a aljihu, ga abokan ƙungiya a kusa, ga tudun Hautacam a gaba inda ya san zai iya. Jira bai ci masa komai ba, kuma ya ci zangon. Karamci yana da sauƙi ga mai tazara.

'Yar Tsere:
A'a Malam, ka rage masa. Gangara ce, Vingegaard ma saura ƙiris ya faɗi a wata kwana kafin nan, kuma da ya danna babu mai zarginsa. Abin da na yarda da kai a kai shi ne bambancin lokaci. In ayari na tafiya a natse, jagora ya tsaya faci ko fitsari, ba a kai hari, wannan kowa ya yarda, don gobe kai ne. In tsere ya riga ya kama wuta, babu tilas. Matsalar tana tsakiya. Dubi gasar Italiya ta 2017, zango na 16: Tom Dumoulin na sanye da rigar jagora cikinsa ya murɗa a gindin tudun Umbrail, ya sauka gefen hanya. Aka ɗan yi jim, sannan aka tafi, don akwai masu ɓallewa a gaba da ke barazana ga matsayin wasu. Ya yi asarar fiye da minti 2, duk da haka ya ci gasar da daƙiƙa 31 a kan Quintana. Har yau ba a daidaita kan ko an yi masa adalci ba.

Mai Bin Tsere:
Abin da aka rubuta dai shi ne na kilomita 3 na ƙarshe: a zangon shimfiɗe, wanda ya faɗi ko kekensa ya lalace a ciki ana ba shi lokacin gungun da yake tare da su. Ba ta aiki a zangon da ke ƙarewa a kan dutse. Ɗayar kuma ta gudun ƙarshe: in ka zaɓi layinka ba ka kauce ka toshe wani. Abin da ya faru a Katowice a gasar Poland ta 2020 ya isa misali, Groenewegen ya matse Jakobsen cikin shinge, Jakobsen ya yi mummunan rauni, Groenewegen kuma aka dakatar da shi wata 9. Duk mai son ganin yadda ake bin taya a cikin cunkoso ya sake kallon zangon Turin na 2024, inda Biniam Girmay na Iritiriya ya bi ta gefen shinge ya ci. Zango uku ya ci a gasar Faransa ta shekarar, ya tafi da koriyar riga.

Madugu:
A tafiyar motsa jiki kuwa babu wannan gardama. Wani ya yi faci, a ɗaga murya, kowa ya sauka daga kan kwalta a jira. A tudu kowa ya hau da ƙarfinsa, a haɗu a sama, kuma wanda ya iso ƙarshe a bar shi ya sha ruwa ya numfasa, ba da ya iso a tashi ba. In ayarin na masu gudu ne da ba sa jira, a faɗa tun kafin a tashi. Majina da tofi, a koma wutsiya. Kuma in ka tarar da baƙo a hanya kada ka laɓe a tayarsa shiru, bai san kana nan ba, zai iya taka birki ko ya kauce. Yi sallama ka tambaya.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: faɗuwar sarƙar nan, tsautsayi ne ko akwai abin da ake yi?

Mai Gyara:
Yawancinta gyara ne da hannu. Mai sauya sarƙa na gaba ya zauna milimita 1 zuwa 3 a saman haƙoran babban faifai, kuma ya yi layi ɗaya da shi. Yana da ƙananan sukurori biyu masu iyakance tafiyarsa. Sa sarƙa a ƙaramin faifai gaba da mafi girma a baya, ka daidaita na ciki har tazarar sarƙa da farantin ciki ta zama kamar rabin milimita. In ta fi haka, sarƙa za ta wuce ta faɗa jikin firam. Na waje kuma ana daidaita shi sarƙa tana babba gaba da mafi ƙanƙanta a baya. A ƙara ɗan ƙarfen nan mai tare sarƙa ta ciki, gram kaɗan ne, ƙwararru da yawa na sa shi.

Hannu kuma: ba a sauya faifan gaba ana tsaye ana danna feda da ƙarfi. Sassauta ƙafa rabin zagaye, ka sauya, ka ci gaba, kuma a sauka ƙaramin faifai tun kafin tudu ya ci ƙarfinka. A guji ƙarami da ƙarami, nan sarƙa ta fi sakwarkwacewa, rami ɗaya ya isa ya jefar da ita. Sai tsufa: sarƙar giya 11 ko 12 ana canza ta in ma'auni ya nuna ta miƙe da kashi 0.5 cikin 100, ta giya 10 zuwa ƙasa 0.75. In aka wuce nan ta fara cin haƙoran baya, sabuwar sarƙa ta riƙa tsalle a kansu, sai an canza duka biyun. In ta faɗi ta waje kana tafiya, yawanci ba sai ka sauka ba: mayar da giya wajen ƙaramin faifai ka taka a hankali, za ta hau. In ta faɗi ta ciki, tura giya wajen babba ka taka sannu-sannu, amma da ka ji ta cije tsakanin faifai da firam daina takawa nan take, ka ɗaga hannu na baya su san za ka tsaya, ka fita daga layi sannan ka sauka.